Kazar Muhannad

Takardar ta iso bayan La'asar,
lokacin da iskar teku ke shigowa Hindawiyya da ƙarnin kifi.
Shafi huɗu, Larabci a dama, Turanci a hagu,
sa hannun lauya kamar kyankyaso ya faɗa tawada ya fito.
Muhannad ya karanta a tsaye.
Ni na ci gaba da taka keke,
don abayar Hajiya Barira ba ruwanta da lauya.

Ɗan ƙanwata ne. A Jidda aka yanke masa cibiya,
Hausarsa da gishirin Larabci,
taurin kai kuwa na kakansa ne, wanda ya tako daga Haɗeja.
Shekara uku yana kallona
ina biyan wani kamfani haya duk wata
don kawai in zana furen da zan ɗora a hannun riga.
Haya! Kamar ka ari allura
a riƙa ƙirga maka kowane tsaki.
Tambarinsu shaho ne na zinari,
fukafukai a buɗe, alƙalami a baki.

Ya ce, Kawu, zan gina tamu manhajar.
Muka yi karo-karo.
Tasi'u mai tsire ya kawo riyal tamanin masu ƙanshin ƙuli,
Barira ta zubo kwasar adashinta,
direbobi biyu daga Makka,
wani bawan Allah a Kasala ya turo abin da bai kai kuɗin shayi ba
ya haɗa da doguwar addu'a.
Mutum ɗari uku da sha bakwai.
Sunayen na nan a ciki, nawa ne na tara.

Ranar da ya nuna mana tambari
sai da na cire tabarau na share ido.
Kaza ce.
Kaza mai ruwan zinari,
ta ware fukafukai yadda shahon ya ware,
ta ɗaga wuya kamar ita ma ta san hanyar sama,
allura a baki, zare na reto.
A ƙasa ya rubuta: Ba haya.

Yanzu shafi huɗu na cewa jama'a za su ruɗe,
za su ga kaza su ɗauka shaho ne.
Wace jama'a?
Jikata mai shekara huɗu ma ta sani:
wannan cin ta ake yi, wancan shi ke ci.
Sun ce launin nasu ne, warin fiffiken nasu ne,
da rajista a ofis mai sanyi.
Kwana sha huɗu suka ba mu.

Na so in ce masa ya tsaya da ƙafarsa.
Sai na tuna iƙamar uwarsa watan gobe za ta ƙare,
kuma kuɗin mutum ɗari uku
don fure aka tara, ba don kotu ba.
Sai kuma wani abu ya cije ni:
ba don shahon ba, wa kazar za ta ba dariya?
Ba'a ma da kayan aro take fita.
Ni da kaina, da Siddiƙu na kan kwana
ya kwafi ganyen da nake sa wa wuyan riga,
mako biyu ina canza hanyar masallaci.

Daren nan Muhannad bai ci tuwo ba.
Ya naɗe mata fukafukai,
ya wanke zinarin, ya mai da ita ja irin ta gida,
kai a ƙasa, tana tono.
Allurar dai ya bar mata.
Da asuba ya rubuta wa mutum ɗari uku da sha bakwai,
na Kasala ne ya fara amsawa:
in dai tana zane, ko agwagwa ce.

Ni kuwa akwai ragowar zaren zinari a akwatina.
Na ɗinka ta farkon, fukafukai a ware,
cikin aljihun rigata ta Juma'a,
can ciki,
inda lauya ba ya sa hannu.