Tambaya ta Huɗu

An ɗauke wuta a Samaru, sha ɗaya na dare.
Na jingina waya da kofin shayi, na buɗe babi na tara.
Gobe gwaji,
kuma Dakta Shittu ya ce wanda ya rikita shekaru
kada ya zo masa ofis da magiya.

Ga su nan jere kamar buhuna a Sabon Gari:
alif ɗari tara da sha huɗu, harbi a Sarayebo,
Turai ta kama kamar an yasar da ashana a rumbu.
Da ashirin da tara, kasuwa ta rushe a Amurka.
Na haddace, na ja layi, na yi hamma.

Sai ga Iya Gambo a raina, kakar babana,
tana kaɗi a gindin durumi,
mazari na juyi, labari na juyi:
"An yi shekarar da auduga ta zama banza.
Baffa ya kai kayan jaki uku Bisije,
abin da ya ƙullo a lalita bai kai haraji ba.
Da jaki biyu muka shiga damina."
Ba ta san inda Amurka take ba,
amma Amurka ta san ƙofar gidansu,
ta shigo ba sallama, ta kwance jaki.

Babi na sha biyu, dajin Bama.
Layi ɗaya da rabi aka ba mu:
wai sojojin Afirka ta Yamma sun taka rawa.
Rawa!
Mijinyawa, mijinta, a tashar jirgin nan ya hau,
ya dawo da lambar tagulla, da tari,
da ƙin tsawa har ya koma ga Allah.
In hadari ya haɗo, sai ya rufe ɗaki ya toshe kunne.
Lambar tana cikin kwalla har yau,
tare da allura da maɓallan da suka rasa riga.

Da safe, bas ta tsaya mana a Kwangila,
na shiga aji da gumi.
Tambaya ta huɗu: yi bayanin yadda karyewar kasuwa
ta shafi sauran duniya.
Na zuba bankuna, na zuba Jamus da layin burodi,
saura minti bakwai
hannuna ya ƙi jin magana,
ya rubuta jakin.

Bayan mako biyu takarda ta dawo.
Sha uku bisa ashirin.
Jan biro ya kewaye jakin:
"Ina madogararka?"
Can ƙasa, da ƙananan baƙi,
kamar mai gudun kada a ji:
"Mu a Giwa, saniya ce."