Littafin Ma'ajiya

Kun ce in faɗi inda kuɗinmu ya fito.
To, ku matso da fitila, idona ya yi rauni.
Shekara ashirin da biyu ina zura zare a allura
a hawa na huɗu, bakin kogin Shitalakkha,
inda ake datse ƙofa da kwaɗo in an fara aiki.

Shafin farko yatsa ne, na Shefali.
Allurar keke ta huda shi har ƙashi,
mai duba aiki ya naɗe shi da ƙyalle,
ya yanke mata ladan rabin yini
wai jininta ya ɓata wuyan riguna shida.
Daren nan mu tara muka taru a ɗakin Jahanara,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Ta juye gwangwanin biskit, ta hure ɓurɓushi,
ta ce: kowa taka biyu, duk ranar albashi.
Goma sha takwas. Ga shi nan da fensir.
Ni aka ba ajiya,
don ba ni da miji mai laluben ƙarƙashin gado.

Shekara uku gwangwani na ci, ba ya ƙoshi.
Tara ta koma casa'in.
Masu tuƙa keken haya suka jefa nasu,
kuɗi jiƙe da gumi, sai an shanya kafin a ƙirga.
Lauya Profulla, mai tabarau ɗaure da zare,
ya tsaya mana a kotu sau bakwai,
ladansa kifi biyu da kuɗin jirgin ruwa.
Ranar da aka cire kwaɗon nan daga ƙofa
na rubuta: shayi, taka arba'in.
Almubazzarancinmu ke nan na farko.

Sai baƙuwa ta zo daga ƙasar ƙanƙara.
Ta zauna a tabarma, ta ci da hannu, ta yi kuka,
kuma na yarda kukan gaskiya ne.
Bayan wata biyar banki ya kira ni da "ranki ya daɗe".
Muka sami ofis, fanka, allo mai sunanmu,
da takardar cikewa duk wata uku:
mata nawa aka wayar wa kai?
Akwai gurbin taro, akwai gurbin lemo,
babu gurbin yajin aiki.
Jahanara ta ce, wanda ya ci ladan kuturu
ai sai ya yi masa aski.
Ta ɗauki lemarta ta fita.
Na ce za ta huce. Ba ta sake hawa matattakalar ba.

Amma kada ku ji na zagi kuɗin nan.
Shi ya sayi maganin ƙuna na mutum goma sha ɗaya
shekarar da wuta ta tashi a ɗakin guga.
Shi ya kai 'yar Shefali makaranta.
Na rasa a wane shafi zan rubuta wannan,
a shiga ko a fita.

Shekara ta tara wasiƙa ta zo, gajera, mai ladabi:
hankalinsu ya koma wani wajen.
Muka sayar da fanka. Allon na nan bayan ƙofa,
akuyar maƙwabta na sosa jiki da shi.

Na je kabarin Jahanara ban ce komai ba.
Na dawo na jawo gwangwani, tsatsa ta ci murfin.

Yanzu 'yan mata ta waya suke turowa,
taka goma, taka goma, cikin dare wayar na tari.
Jiya da magariba abin da ke hannu
dubu shida da ɗari uku da ashirin,
ga kuɗin haya na jira, ga shari'ar Anjuman ran Talata.

Ke mai jan mayafi, kina ta rubutu tun ɗazu.
Ban ga sunanki a watan jiya ba.