Layin Kumasi

Tun daga Aflawo wayata ta yi gum,
sandunanta huɗu suka zube ɗaya bayan ɗaya
kamar haƙoran tsoho.
Na sauka Kejetiya da hantsi,
aljihu da sidin da ban iya ƙirgawa ba,
"na iso lafiya" maƙale a maƙogwaron waya.

A Aboabo, ƙarƙashin laima ruwan ɗorawa,
Adiza ta juya fasfona gaba da baya.
Hausarta ba ta raba mace da namiji:
"Mamanka yana jira, ko? Zauna."
Ta ɗauki hotona, na'ura ta ƙi.
Ta sake, aka ce fuskar ba tawa ba ce.
Bayan kwana biyu a mota,
ni ma ban shaida mutumin ba.

Na ci wake da shinkafa a ganye,
na ƙirga motocin haya goma sha tara.
Kakan babana ya zo nan sayen goro da jakuna,
saƙonsa kan isa Jega bayan girbi,
wani sa'in bayan an yanka ragon suna.
Ni ko wuni ban cika ba,
har na fara jin haushin duniya.

Da la'asar ta buɗe wayar da tsinken ɗan kunnenta.
Sai kakkarwa, saƙo arba'in da ɗaya:
talla, mai bin bashi, gaisuwar Juma'a,
can ƙasa muryar Inna, daƙiƙa shida:
"Ka ci abinci?"

Na danna zan amsa,
Adiza ta miƙo tafin hannu:
"Kuɗin data tukuna, baƙo."