Jan Ɗigo

A Milwaukee, can ƙasan benen makarantar zane,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari duk lokacin sanyi,
Leokadia Wendt ta shekara talatin da ɗaya
tana raɗa wa hotuna suna.

Ba ta zana ko guda ba.
Ranar da ta fara, mabuɗi da tsumma aka miƙa mata:
ga na gilashi nan, masu nauyin faranti,
kar ki fasa.
Takardar albashi ta ce mai buga tafireta.
Malamai kuwa yarinyar majigi suke ce mata
har furfura ta cinye rabin kanta.

Sai ƙananan suka zo, na fim,
kowanne bai fi kan sarki biyu ba.
Ta jera su bisa teburin haske, ta sunkuya,
ta ɗiga wa kowanne ja a kusurwa
don kada a sa shi a kife.
Ya taɓa faruwa.
Farfesa Ekeland ya yi minti goma
yana yabon wani zane da ƙafafunsa a sama,
ba ɗalibin da ya ce uffan.

Amma ba ɗigon ke hana ta barci ba.
Tukunyar da ba a san magininta ba, wace durowa?
Gadar da hannu ɗari suka ɗaga, sunan wa?
Hoton hoton gunki, na mai sassaƙa ne
ko na mai kyamara?
Ba littafin da ya faɗa. Ta yi ta lalube.

Wata shekara ta hau bas da kuɗin aljihunta
zuwa taron manyan malamai a Chicago.
A bayan zaure, wajen butar kofi,
ta ji wata na ƙorafin lambar durowa.
Ta waiga. Ashe su takwas ne,
kowa da nasa ɗakin ƙasa, kowa da nasa ciwon wuya.
Suka raba dare suna musu a kan waƙafi.
Daga nan wasiƙu, daga nan ƙa'ida, daga nan ƙungiya.
Tsintsiya sai an ɗaure.
Aka sake allon ƙofarta: mai kula da taskar hotuna.
Albashi ya ƙaru da kuɗin takalmin ƙanƙara,
ta saya, ta taka har ofishin shugaba don ya gani.

Ni da kwamfuta tare muka iso.
Na ɗauka zan koya mata. Na koya mata latsa maɓalli,
ita ta koya min sauran:
hoto ba suna, ba shekara, ba gari,
maraya ne, in ji ta,
ko da dubu sun kalle shi.

Yau an ce ɗakin za a mai da shi wurin ajiye kujeru.
Dubu ɗari biyu da 'yan kai.
Shuɗin sama duk ya koma ruwan hoda,
tekun Venice kamar an wanke nama a ciki.
Ɗalibai na diba da hannu biyu,
wai za su ɗinka wa fitila riga.
Ban hana ba.
Rubutunta na cikin na'ura, layi bayan layi,
ba wanda ya san nata ne.

Durowa ɗaya na ɓoye a mota.

Gidan tsofaffin yana kallon tafki.
Ba ta gane ni ba, ta kira ni da sunan ƙanwarta.
Na sa mata guda a tafin hannu.
Ta ɗaga shi wajen taga, ta ƙanƙance ido,
babban yatsa na bin kusurwa, yana bi,
har ya taka ɗigon.
Ta juya shi daidai.

Wa ya taɓa min wannan, ta ce,
da hannun maiƙo?