Bakin Zane

Kakana Barau da ƙafa ya zo daga Zungeru,
akwatin Bature a ka, tsumma a ƙugu.
Ya tarar da Gbagyi suna huɗar doya,
kadduna na shan hantsi a kan yashi.
Ba wanda ya yi musu sallama
kafin a ɗauki sunansu a raɗa wa gari.

Har ya rasu yana rantsuwa
da hannunsa a kusoshin gadar ƙarfen Gamji.
Na je na duba. Ba sunansa.
Sai tsatsa, da yara masu ɗaukar hoto.

Babana Tanimu ɗan dako ne a tashar jirgi, ƙetaren kogi.
Gyaɗar Kano, audugar Funtuwa, kuzar Jos,
duk sun hau bayansa kafin su ga Ikko.
Yakan ce: ba mu da teku,
amma abin da teku zai haɗiya
sai ya kwana a nan tukuna.
Ya mutu a duƙe, kamar mai neman allura.

Ni Kakuri ce ta raine ni.
Jiniyar asuba ta fi ladan tsare lokaci,
kekuna sun cika gada har ba wurin jefa tsinke,
masu fita da farin gashi na auduga,
masu shiga da ƙosai a takarda.
A ɗakin saƙa ba a jin magana,
sai muka koyi karanta leɓe.
Bitrus zai motsa baki daga inji na tara,
in gane cewa matarsa ta sauka, namiji.
Okon ya roƙi rancen sule goma ba tare da murya ba,
na hana shi ba tare da murya ba,
muka yi dariyar da ba wanda ya ji.

Ran albashi ko mai tsire sai ya yi sabon hula.
Wutar matatar mai tana lasar sama daga kudu,
Fijo sabuwa fil tana fitowa da ledarta,
muna cewa garin nan ya gama kwanan yunwa.

Wata Litinin muka tarar da kwaɗo a ƙofa
da takarda: sai an neme ku.
Shekara ashirin ke nan da ɗoriya.
Bitrus ya jira kuɗin sallama
har aka sallame shi a maƙabarta.
Yanzu cediya ta fasa rufin ɗakin rini,
jemagu ne ke aikin dare,
kuma ba su taɓa makara ba.

Na koma tela a Kasuwar Barci
da kunne ɗaya da tari mai zare.
Duk atamfar da aka kawo
bakinta nake fara dubawa:
rubutun wata ƙasa, ko ba rubutu sam.

Jiya na kai jikata Ladidi Kakuri.
Mun tsaya bakin tashar nan ta kwantena
da ake kira tashar jiragen ruwa ta kan tudu.
Ta leƙa ta waya, ta leƙa,
ta ce, Kaka, ina ruwan?
Na ce babu. Ta ce, to ina jiragen?
Na nuna mata akwatunan ƙarfe an jera su bisa juna.
Ta ce, me ke ciki?
Na ce ban sani ba,
ko da yake hancina ya ji ƙanshin sabon yadi.

A ƙasan adakar Kande akwai zane guda,
shuɗi mai ganyen rogo, ya koɗe a ninki.
Da muka dawo na warware mata bakinsa,
na ɗora yatsanta kan haruffan.
Ta haɗa su a hankali: Ka-du-na.
Ta ce, a nan aka saya?
Na ce, a'a.
Sai na motsa leɓe kawai, irin na da,
ita kuma ba ta iya karantawa ba.