Samfuri na Sha Bakwai

Da hantsi ta kira ni ofis,
ta juyo mini fuskar kwamfuta.
"Isiyaku, duba. Dubu uku da goma sha ɗaya."
Na ce, "Naira, Farfesa?"
Ta yi dariya har tabarau ya zame mata.
"Sau nawa masana suka ambaci aikinmu ke nan."

Aikinmu, in ji ta.
Ni da na shekara ashirin da shida ina wanke kwalabe
a ɗakin gwajin nan na kusa da Kabuga,
ina auna garin gero
a ma'aunin da ko numfashi ke firgita shi.

Na san ta tun tana Saudatu kawai,
ba Dakta, ba Farfesa,
sai ƙullin gero daga Dawanau
da tambaya guda mai damunta kamar tsakuwa a takalmi:
don me yaro zai sha koko kullum, ya ƙoshi,
a buɗe idonsa a ga fari fat?
Ƙarfen da jini ke nema yana cikin ƙwayar, ta ce,
wani sinadari ne ya ɗaure shi tamau.
Wa zai kwance?

Shekarar da aka ɗauke wuta kwana tara
firiza ta yi shiru,
aikin wata goma ya fara wari.
Na hau babur zuwa Sabon Gari neman ƙanƙara,
kafin in dawo rabinta ya bi wandona.
Ba ta yi kuka ba.
Ta daɗe zaune a kan benci, sannan ta ce,
"Gobe mu koma Dawanau."
Wannan ba ya cikin kowace takarda.

Masu koko arba'in muka bi,
daga Mandawari har Gwammaja,
ni da kula, ita da littafi.
Na sha bakwai ya bambanta.
Muka sake awo, muka sake, har sau huɗu,
ƙarfen a kwance yake, sai ɗauka.
Na Iya Tabawa ne, ta Ƙofar Na'isa.
Farfesa ta durƙusa gaban tukunyarta tana tambaya.
Tsohuwa ta ce, "Kwana biyu nake jiƙo, in bar shi ya tsima.
Haka na ga uwata na yi. Laifi ne?"

Takardar da ta fito daga wannan tukunya
ita ce ta fi sauran tafiya.
An ambace ta a Indiya, an ambace ta a Kenya,
a garuruwan da ko a taswira ban iya nunawa.
Suna rubuta S. Danbaffa,
ƙugiyar Ɗ ɗin ta faɗi a hanya.
Ni ina layin godiya, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe,
kuma ya ishe ni.
Iya Tabawa tana shafi na shida:
samfuri na sha bakwai.

Ranar da ta rasu, Farfesa ta soke lacca,
muka zauna a tabarmar zaure har la'asar.
A mota ta ce mini,
"Lambar nan tana ƙirga masu karatu, Isiyaku.
Ba ta san idon yaro nawa ya yi ja ba.
Ni ma ban sani ba."

Yau da asuba na bi ta Ƙofar Na'isa.
Jikarta ce a bakin tukunyar,
ludayin dai shi ne, an ɗaure mariƙinsa da waya.
Na miƙa kofi, na ce, "Kwana nawa kike jiƙo?"
Ta dube ni kamar na tambayi hanyar gidanmu.
"Biyu mana, Baba. Haka Iya ke yi."

Na sha a tsaye, da zafinsa.
A raina na gyara lissafin Farfesa:
dubu uku da goma sha biyu.