Ka Bar Tocilan a Kunne

Shekara goma sha tara ina tuɓe kaya a duhu,
kamar wadda ta aro jikinta a maƙwabta.
Hamajoda bai taɓa tambaya ba,
ni ma ban taɓa faɗa ba.

Sai daren nan da Garwa ta zama tanda.
An ɗauke wuta tun la'asar,
yara suna Pitowa wurin kakarsu,
Binuwai ta janye har haƙarƙarin yashi ya fito.

Na ce masa: zauna can, bakin rijiya,
ɗauko tocilan da kake duba injin babur da ita.
Kada ka taso, kada ka taɓa,
idonka kawai nake so.
In na ce ya isa, ka kashe.
Ya ce to,
kalma ɗaya tak, ita ma sai da ta sarƙe shi.

Na tsaya tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya.
Ɗankwali ya fara sauka.
Bayan katanga rediyon Baba Sali na karanta sanarwar rasuwa,
wani ya wuce yana jan silifa.
Ƙofa a sakate, katanga ta fi mutum tsawo,
duk da haka zuciyata kamar ana daka.

Zani ya bi ɗankwali.
Hasken ya taso daga idon sawu,
a hankali, yana rawa,
don hannun da ke riƙe da shi yana rawa.
Ya tsaya kan jigida.
Ya tsaya kan nankarwar da 'yan biyu suka bar mini,
da tabon wuƙar likita,
ya daɗe a nan
kamar mai karanta wasiƙar da ta yi shekaru a hanya.

An koya mini kunya adon mace ce.
Ban musa ba.
Amma ado ma ana cire shi,
a ninke, a ajiye gefen tabarma.

Na juya masa baya, na waiwayo.
Ba na ganin fuskarsa, sai ƙwayar haske
da numfashin da na sani.
Na yi dariya, jemagu suka watse daga reshe.

Ban ce ya isa ba.
Batir ne ya gaji kafin mu,
ya yi ja, ya yi ja, ya mutu.

Da safe na zura hijabi har ƙasa
zan tafi sayen kifi bakin gada.
Ya tsayar da ni a zaure, yana lissafin canji,
bai ko ɗago kai ba:
Dijatu, in kin bi ta shagon Bubakari,
batir manya, guda huɗu.